Cinikin Kwat ɗin Baba

Ƙarfe takwas da rabi na safe Auta ta zazzage jakarta a kan gado karo na uku. Caja, man shafawa, kwalaben maganin ɗigawa a ido, duk ga su nan. Fasfo biyu da takardar asibiti ne babu.

Kwanansu biyar ke nan a ƙasar. Ita ta rako mahaifinta, don cikin 'ya'yansa bakwai ita ce mai jin Turanci sosai, kuma makarantar da take koyarwa ta yarda ta ba ta hutu. Idon Baba na dama ya daɗe da mutuwa. Na hagun ake ƙoƙarin cetowa, likita kuwa bai ɓoye musu ba, ya ce in aka wuce makon nan ba a yi aiki ba, shi ma zai bi ɗan'uwansa. An ba su yau, ƙarfe biyu na rana. Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya sau biyu tana maimaita mata cewa su zo da fasfo da takardar shaidar biya, in babu su ba wanda zai buɗe musu fayil.

"Ɓuruntun me kike ta yi tun ɗazu?" in ji Baba. Yana zaune a kujerar bakin taga, da baƙin tabarau a fuskarsa.

"Baba, fasfo ɗinmu ne ban gani ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ai ba za ki gan su ba, na adana. Wa ke barin irin wannan a jaka, a ɗakin da mai shara ma tana da makullinsa? Shekaranjiya da kika shiga wanka na lalubo su, na sa a aljihun nan da innarki ta ɗinka min a cikin shafin kwat. Miƙo min kwat ɗin."

Sai a lokacin Auta ta tuna. Jiya da la'asar shayi ya zube masa a kwat ɗin. Ta cusa shi a baƙar leda ta kai ƙarshen baranda, inda ta ga an tara wasu ledojin kusa da ɗakin wanki.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta gangara ƙasa. Mai masaukin wata dattijuwa ce mai jiki, Turancinta bai fi cikin cokali ba. Da hannu da ka da 'yan kalmomi ta fahimtar da Auta cewa waɗannan ledojin ba wanki ba ne. Tufafi ne da baƙi ke tafiya su bari, kuma duk mako wani mai amalanke yana zuwa ya saye su a kilo ya kai kasuwar gwanjo. Tun ƙarfe bakwai ya zo ya tafi. Da ta ga halin da Auta ke ciki, sai ta jawo wani tsohon ambulan ta rubuta lambar bas a bayansa, ta zana ƙofar kasuwa, ta kuma zana fuskar mutum mai ƙaton gashin baki.

Auta ta so ta bar Baba a ɗaki ta tafi ita kaɗai. Ya ce ba a haifi wanda zai bar shi ba.

"Ke da ko tumatir aka ce miki ɗari, ɗarin za ki miƙa har da godiya? Ke za ki shiga kasuwar mutane ki karɓo abu? Kama hannuna."

Shekara arba'in Baba ya yi yana dillancin dabbobi. A garinsu in ka faɗi sunansa na yanka sai a tsaya tunani, amma in ka ce Dillali ko yaro zai nuna maka gidan. Yanzu ga shi ba kwat, gari kuma da sanyi mai ratsa ƙashi. Ta sa masa riga biyu, ta yafa masa bargon masauki a kafaɗa, suka fita.

Sai goma da kwata suka isa. Kasuwar ta fi ƙarfin zanen mai masauki. Layi-layi ne na rumfunan kwano, kowane layi ya miƙe har ido ya gaji. Nan takalma ne tsibi guda, can tukwane da tsofaffin fitilu, gaba kuma labulaye na kaɗawa. Ƙasa duk laka da ruwan da ya kwanta. Ana ta ihun farashi da harshen da Auta ba ta tsintar ko kalma ɗaya a ciki. Baba ya dafa kafaɗarta, ita kuwa tana ta nuna wa mutane zanen gashin baki. Wani ya kwashe da dariya ya shafa nasa. Wata ta ɗauka bara suke yi, ta kore su da bayan hannu. Masu amalanke sun fi ashirin, kuma rabinsu duk da gashin baki.

Sha ɗaya ta gota kafin su same shi, a bayan wani shagon shayi, yana zaune a kan amalankensa da babu komai a ciki. Auta ta nuna masa katin masaukin. Ya gyaɗa kai. Ta kwatanta kwat da hannu, ta nuna Baba. Mutumin ya tafa hannuwa ya buɗe su, alamar ya sayar. Sannan ya nuna wani layi da haɓarsa, ya ɗaga yatsu huɗu.

A rumfa ta huɗu ta hango shi. Ruwan toka, mai manyan maɓallai, ga tabon shayin nan a ƙirji, an rataye shi tsakanin wasu kwat-kwat. Auta ba ta san lokacin da ta saki Baba ba.

"Ga shi! Baba, wallahi ga shi!"

Ta ruga ta cafki hannun kwat ɗin ta rungume. Mai rumfar, wata doguwar mata mai safar hannu da aka yanke wa yatsu, ta ajiye kofin da take sha, ta taso a hankali. Ta dubi Auta, ta dubi kwat ɗin, ta zare shi daga hannunta. Ta ɗauko wata doguwar sanda mai ƙugiya ta ɗaga shi can sama kusa da kwano, inda hannu ba ya kaiwa. Sannan ta ciro kalkuleta daga aljihun gabanta, ta danna, ta juyo da ita.

Ɗari huɗu.

A jikin sauran kwat-kwat ɗin an manna farashi da takarda. Hamsin, sittin, mafi tsada tamanin. Abin da ke jakar Auta gaba ɗaya ɗari da goma ne na kuɗin ƙasar, har da na mota.

Ta ciro wayarta ta buɗe manhajar fassara, ta yi magana a ciki da sauri: wannan kwat ɗin na mahaifina ne, da kuskure aka ɗauko shi. Wayar ta faɗi wani abu da muryar mace. Ko me ta faɗa, Allah kaɗai ya sani. Fuskar mai rumfar ta canza. Ta buga ƙirji, ta ɗaga murya, ta juya tana gaya wa maƙwabtanta, tana nuna Auta da yatsa. Nan da nan mutum biyar shida suka matso.

"Me kika ce mata?" in ji Baba, yana laluben iska har ya sami kafaɗarta.

"Ina jin wayar ta ce mata ɓarauniya."

"Kashe wannan abar. Kin riga kin yanka cinikin tun bai tashi ba. Wa ya ce miki ana rungumar kaya a gaban mai shi?"

"Baba, in gaya mata fasfo ne a ciki mana."

"Kul! Yanzu kwat take sayarwa. In ta ji haka, fasfo za ta sayar mana. Ko ta kira 'yan sanda, su kuma su ce mu dawo jibi. Nemo min wurin zama."

Ta jawo masa wani akwatin katako. Ya zauna ya gyara bargo, ya ɗaga hannu ya yi wa mai rumfar sallama da Hausa, har da tambayar iyali da kasuwa, kamar sun shekara goma da sanin juna. Ya miƙa hannu ya taɓo wani kwat da ke kusa, ya murza yadin tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya taɓe baki. Ya taɓo wani, ya ja maɓalli, ya girgiza kai. Na uku ya ɗan jinjina shi kamar mai auna rago.

"Taya wannan talatin," ya ce. "Kada ki ko ɗaga kai ki kalli namu."

Auta ta danna talatin. Matar ta danna sittin. Baba ya yi dariya ya dafe kai, ya ce arba'in. Aka tsaya a hamsin. Mutanen da suka taru suka fara murmushi, wani ma ya gyara tsayuwa don ya sha kallo. Sai Baba ya sa kwat ɗin, ya ɗaga kafaɗu, ya nuna ya matse shi. Ya cire ya miƙa mata, ya yi nuni sama da yatsa kamar abin bai dame shi ba, wai a sauko da wancan mai tabon ya gwada.

Abin da yake so ke nan, kwat ɗin ya shiga jikinsa ko na minti ɗaya ne.

Mai rumfar ta yi wani guntun murmushi. Ta murza babban yatsa da manuni, ta sake juyo kalkuleta. Ɗari uku da hamsin. Kuɗi tukuna, kafin a taɓa.

"Tashi mu tafi," in ji Baba.

"Mu tafi ina? Baba, sha biyu da rabi fa!"

"Na ce tashi. Ki riƙa ƙirga taku. Kafin taku sha biyar za ta kira mu. Ban taɓa ganin mai kayan da ya bar kuɗi ya juya masa baya ba."

Suka juya. Auta tana ƙirgawa a zuci, kunnenta duk yana baya. Goma. Sha biyar. Ashirin da biyar. Suka wuce mai takalma, suka wuce mai labule. A taku na arba'in Baba ya tsaya.

"Ba ta kira ba?"

Auta ta waiwaya. "Ko kallonmu ba ta yi, Baba. Shayinta take sha."

Tunda Auta take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya karaya haka ba, ko ranar da aka gaya masa idon dama ya tafi.

"Da ina ganin fuskarta," ya ce a hankali, "da na san inda zan kama ta. Ba na gani, Auta. Ban san me take ciki ba."

Da suka koma, sai suka tarar an sauko da kwat ɗin. Wani ƙaton mutum mai jakar kayan aiki, da alama makaniki ne, ya sa shi yana jujjuyawa a gaban wani tsagaggen madubi. Ya nuna tabon shayin, mai rumfar ta danna masa lamba. Auta ta leƙa ta gani. Saba'in. Mutumin ya sa hannu a aljihun wando ya fara ciro kuɗi.

Auta ta faɗa tsakaninsu. Ta zazzage jakarta a kan teburin, takardu da silalla, ta tura gaban matar. Makanikin ya ture ta da gwiwar hannu, ya ɗora nasa a kai, ya ƙara wata takardar don haushi. Mai rumfar ta naɗe hannuwa tana kallon wannan tana kallon wancan.

"Baba, zai tafi da shi," in ji Auta. "Ya sa a jikinsa, zai tafi da shi."

Baba ya saki bargon ya faɗi cikin laka. Ya cire tabarau. Idon dama fari fat, na hagu ja, yana zubar da ruwa, hasken rana ya sa shi ƙifce-ƙifce. Ya fuskanci inda yake zaton matar take, alhali ya ɗan kauce, da turken rumfa yake magana.

"Baiwar Allah, na gaji. Ban iya harshenki ba, ban ga fuskarki ba. Ba kwat nake so ba, ki riƙe abinki. Idona ɗaya ya rage, shi ma yau ne." Ya juyo. "Gaya musu gaskiya, Auta. Duk yadda za ki yi."

Auta ta kama gefen kwat ɗin a jikin makanikin, ta buga shafin ciki ta wajen baya. Ta haɗa tafukanta ta buɗe kamar littafi, ta nuna fuskarta, ta nuna ta Baba, ta nuna idonsa, ta nuna agogo ta ɗaga yatsu biyu. Hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Makanikin ya yamutsa fuska, ya cire kwat ɗin, ya shafa shafin. Yatsunsa suka tsaya a kan wani abu mai tauri. Ya lalubo ɗan zip ɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin ɗinki, ya ja, ya zaro farar leda.

Ya buɗe fasfo na farko, ya dubi hoton, ya dubi Baba. Auta ta miƙa hannu biyu. Amma kafin ya yanke shawara mai rumfar ta fizge ledar ta jefa a aljihun gabanta, ta dafe da hannu. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna layin da mai amalanke yake, tana nuna rumfarta. Ko ba fassara Auta ta gane: buhun ta saya da kuɗinta, da duk abin da ke cikinsa. Ta danna kalkuleta. Ɗari biyu.

Wuri ya kaure. Makanikin ya hau ta da faɗa, wata mai sayar da huluna ta shigar mata, wani tsoho yana ta buga sandarsa a ƙasa ba a san bayan wa yake ba. Auta ta dubi agogo, ɗaya da minti goma. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan kuɗin. Matar ta ɗaga su ta duba, ta turo mata abinta, ta san ba zinariya ba ne. Auta ta miƙa wayarta, matar ta ga fuskar a tsage, ta girgiza kai. Sai idonta ya sauka ƙasa, kan takalman Auta. Sababbi ne, na fata, masu rufe idon sawu, don tafiyar nan ta saye su.

Auta ta durƙusa ta kwance igiya. Ta tsaya da safa a kan laka, sanyi ya soke ta har tsakar ka. Ta ɗora takalman a kan tebur.

"Me ake ciki?" in ji Baba.

"Takalmina take so, da duk kuɗin."

"Duk? Da me za mu hau mota? Kai hannuna kan kuɗin."

Ta kai. Ya lalubi takardun, ya tambaye ta wacce ce ta ashirin, ya danne ta da yatsa, ya ƙara da wata ta goma. Sauran ya tura gaba. Matar ta kama gefen ta ashirin ɗin ta ja. Bai saki ba. Ta sake ja. Ya ɗaga fuskarsa haka nan ba tabarau, ruwa na bin kumatunsa. Can sai matar ta saki, ta ciro ledar ta ajiye a kan tebur ba tare da ta dubi kowa ba. Ta sunkuya ƙarƙashin teburin ta jawo wasu tsofaffin silifa na maza, ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, ta wurgo wa Auta.

Makanikin ya biya kuɗin kwat ɗin ya rataya a kafaɗa. Shi ya ɗauko bargon daga laka ya kakkaɓe ya yafa wa Baba, shi ya ratsa da su ta wata 'yar hanya tsakanin shaguna har bakin titi, ya tare musu tasi, ya leƙa ya yi wa direban magana da tsawa yana nuna agogo. Auta ta buɗe baki za ta yi godiya, ya riga ya juya.

Biyu da minti ashirin da biyar suka shiga asibiti. Matar teburin ta dubi agogon bango, ta dubi ƙafafun Auta, ta ce an riga an shiga da wanda ke bayansu. Auta ta ajiye fasfo da takardar a gabanta, ta riƙe bakin teburin da hannu biyu, ta ce ba inda za su. Matar ta ɗaga waya ta yi magana, ta ajiye, ta sake ɗagawa. Daga ƙarshe ta ce su zauna, in likita bai gaji ba zai ɗauke shi a ƙarshen layi.

Sai biyar saura aka zo da keken marasa lafiya. Da za a tura shi, Baba ya riƙo hannunta.

"Kada ki gaya wa innarki na cire tabarau a kasuwa."

"Ba zan faɗa ba."

"Takalmin kuma, in mun koma."

"Baba, je ka kawai."

Tana zaune a baranda, safarta ta bushe ta ƙandare, wayarta ta yi ƙara. Babban yayansu ne daga gida. Ya tambayi jikin Baba, ta ce an shiga da shi, ya yi addu'a. Sannan ya gyara murya.

"Af, Auta, kafin in manta. Antinki ta ce in kin sami sarari ki ɗan leƙa kasuwarsu, wai an ce jakunkuna da takalma arha ne a can kamar banza. Amma ki taya da kyau fa, kada su ga baƙuwa su yanke ki."

Auta ta fara dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har ta koma kuka. Wata nas da ke wucewa ta tsaya ta miƙo mata ruwa a kofin roba.

"Lafiya kuwa? Auta?"

"Lafiya lau, Yaya. Zan kira ka in an fito."

Washegari da hantsi aka cire bandejin. Likita ya rage hasken ɗakin, ya tsaya nesa kaɗan ya ɗaga yatsu biyu. Baba ya daɗe yana ƙifta ido, ya ce huɗu. Likita ya matso taku biyu. Baba ya miƙa wuya, ya ce biyu ne, kuma mutumin nan yana da sanƙo. Auta ta fassara rabin farko kawai. Likita ya ce jijiyar ta kama, ganin ba zai dawo kamar da ba, amma zai riƙa gane hanya da fuskar wanda ke kusa da shi. Ya rubuta musu magunguna uku, ya ce su dawo bayan kwana shida.